Umma da 'Yan Gogen Biyana

Shekarun baya, lokacin ina aiki a ofishin wani kamfanin bas-bas a unguwar Kudai da ke Makka, na kamu da son wani kiɗa ta hanyar da ko yau in na faɗa sai an yi mini dariya. Aikina odar kayan gyara. Wasu motocinmu ƙirar Turai ne, in birki ko famfon mai ya lalace ni ake sawa in kira masu sayarwa can ƙasar Ostiriya da ɗan guntun Turancina. Su kuwa mutanen nan ba sa amsa maka kai tsaye. Sai su ce ka jira, su sakar maka kiɗa a kunne.

Ranar farko da na ji shi, wallahi sai da na ajiye biro. Da ƙarfi yake farawa kamar an banko ƙofa. Kafin ka gama razana ya koma lallaɓawa, can wata 'yar sarewa ta fito ita kaɗai tana kukan maraici, sai kuma a juye zuwa wani kiɗan rawa mai juyi, ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku, wanda in ba ka yi hankali ba za ka tsinci ƙafarka tana aiki a ƙarƙashin tebur. Daidai inda abin ya fara kai mini karo, sai wata mata ta ɗaga ta ce me za ta taimaka mini da shi. Haushi ya kama ni. Ina jin tunda aka ƙirƙiro waya ni ne mutum na farko da ya ji haushin an amsa masa da wuri.

Daga nan abu ya zama ciwo. Ko noti ɗaya muke buƙata sai in ce bari in kira in tabbatar. Abokina da muke tebur ɗaya, haifaffen Makka ne kamata, amma Hausarsa ta tsaya a gaisuwa da zagi, yakan dube ni ya girgiza kai ya ce, “Ya shekh, kai kaɗai ne a duniya ake ce wa jira kana murmushi.” Shi ne wata rana ya kara wayarsa a bakin tawa, wata manhaja ta saurara ta faɗa mana ko mene ne. Ashe abin da nake mutuwa a kansa ba shi ne ma gundarin ba. Share fage ne kawai na wani tsohon wasan barkwanci na Biyana, babban birnin Ostiriya, irin wanda rabinsa magana rabinsa waƙa. Kafin a ɗaga labule makaɗa ke yin sa, su yanko wa mutane ɗan kaɗan daga kowace waƙa da ke tafe, kamar ɗanɗanon mai tsire. Da Larabci aka rubuta mana sunan irin wannan kiɗan: iftitahiyya. Don Allah ku riƙe kalmar nan, ita ce ta ja mini komai.

A lokacin gidanmu da ke Ka'akiyya babu daɗi. Mahaifina ya rasu, takaba ta ƙare, shekara ta zagayo, amma mahaifiyata ba ta fito ba. Tana girki, tana salla, tana amsa gaisuwa, sai dai ƙafarta ba ta taka bakin ƙofa. Biki, suna, ta'aziyya, duk ƙanwata take aikawa. Har Harami ta daina zuwa, don da shi suke tafiya kowace Juma'a tun kafin a haife ni. Likita ya ja ni gefe ya ce in aka bar ta haka, jikin ma zai bi zuciyar. Mun yi lallashi, mun yi dabara, ƙawayenta sun zo sun yi faɗa har sun gaji. Amsarta ɗaya ce: “Ina nan dai. Ku je ku dawo lafiya.” Tsorona dare da rana shi ne ɗakin nan ya cinye ta muna kallo.

Ana cikin haka, a shekarun da aka fara kawo irin waɗannan wasanni Jidda, abokina ya shigo ofis yana haki ya manna mini wayarsa a hanci. Wata ƙungiyar makaɗa da 'yan wasa daga Biyana za su zo, ranar Asabar bayan la'asar, kuma ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro: da iftitahiyyar nan tawa za su buɗe. Ihun da na yi sai da mudir, shugaban ofishinmu, ya leƙo yana tambaya ko gobara ce. Kafin ya koma na riga na sayi tikiti biyu. Abokina kuwa aka sa shi aiki ran nan, ya bar ni da kujera ɗaya a banza.

Da muka zauna cin abinci a gida bakina ya ƙi rufuwa. Ni in murna ta kama ni Hausata da Larabcina cakuɗewa suke yi, ba a gane kai balle gindi. Nake ce wa ƙanwata, “Asabar ɗin nan akwai iftitahiyya a Jidda! Abin da na daɗe ina jira! Ke, Allah Ya cika mini burina!”

Mahaifiyata ta ɗago kai. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari kuma sunan mahaifinta aka sa mini, don haka Babana take ce mini. Ta ce, “Babana, naka ne?”

Na ce, “Nawa ne mana, Umma! Tun yaushe nake mafarkinsa!” Sai na ƙara da wasa, yadda muka saba ba tare da sa rai ba, “Da ma za ki raka ni.”

Ta juya cokali a cikin kwano. Can ta ce, “Zan je.”

Lomar da ke hannuna ta koma faranti. Na dubi ƙanwata, ta dube ni. Babu wanda ya ƙara tambaya, kada garin tambaya ta sake shawara. Na shiga ɗaki na yi ta tsalle ni kaɗai, ƙato da ni, har maƙwabcinmu na ƙasa ya bugo silin da sandar tsintsiya.

Ran Asabar tun da safe gida ya ɗauki ƙamshin waina da miyar taushe. Na ce a raina, ka ga ikon Allah, murna ce ta sa Umma ta ɗora tanda. Ta ciro abayar da ta daɗe a ninke, ta yi mata turaren wuta. Ƙanwata ta kinkimo ƙatuwar kula ta saka a bayan mota, ni kuma sakarai na ɗauka guzurin hanya ne, alhali abincin zai ciyar da unguwa. Ja'irar ta riga ta gane komai ta yi gum. Da zan tayar da mota ta sunkuyo ta taga ta raɗa mini, “Yaya, ko me ta tambaye ka, kada ka amsa sai kun wuce Shumaisi.” Na ce wace irin magana ce wannan, ta ce ni dai in ja mota.

Haka muka kama hanyar Jidda, mahaifiyata a gefena tana kallon sababbin gine-ginen da aka yi ba ta sani ba, tana salati. Ni kuwa zuciyata fal, har ina gaishe da motocin da ban sani ba. Mun wuce shingen Shumaisi da ke mafitar Makka ke nan ta gyara zama ta ce, “To, shagon a wace unguwa yake? Ka sa an rubuta sunan babanku a allon?”

Jama'a! Nan take komai ya haɗu a kaina. Mu a nan in aka ce iftitah, buɗe sabon shago ake nufi: a jera furanni a ƙofa, a yanka ƙyalle, 'yan'uwa su zo a ci a sha a yi addu'a. Kuma mahaifina har ya koma ga Allah burinsa shi ne in bar aikin ofis in buɗe shagon kayan gyara nawa na kaina. Ita ba ta taɓa sanin akwai wani kiɗa mai wannan suna ba. Abin da ya fito da ita daga ɗaki shi ne ta ɗauka na cika wa mijinta burinsa.

Na ratse a wani gidan mai na kashe mota. Ƙarya ta zo mini har baki, in ce an ɗaga bikin, amma na san in na juya da ita a kan ƙarya, ta koma ɗakin nan ke nan. Na faɗa mata gaskiya kaina a ƙasa, tun daga wayar ofis har zuwa tikiti.

Ta ce, “Kiɗa.”

Na ce, “Kiɗa, Umma.”

“Na jiƙa shinkafa tun jiya, na tashi da asuba na soya waina, saboda kiɗa.”

“Ki yafe ni. In kin ce mu juya, yanzu sai mu juya.”

Na faɗa ne kawai, ba har zuci ba. Ta daɗe tana kallon waje. Wata tanka ta shigo, ta sha mai, ta fita. Can ta sauke ajiyar zuciya ta ce, “Ƙullu dai ya riga ya zama waina, ba ya komawa shinkafa. Ja mu je in ga abin da ya haukata ka.”

Ban jira ta maimaita ba.

Zauren sanyi ƙalau, kujeru jajaye masu laushi, mutanen Jidda an sha ado ana magana ƙasa-ƙasa. Na zaunar da ita, na nuna mata inda makaɗa za su zauna a gaban labule, ina ta bayani kamar ni na gina wurin. Sai ga su sun fara fitowa, maza da mata cikin baƙaƙen kaya, kowa da abinsa a hannu. Na ji an damƙe mini hannu.

“Babana, mene ne wancan suke riƙe da shi?”

Na ce, “Kamanja ce, Umma.” Da gangan na faɗa da Larabci, ko za ta fi sauƙin haɗiyewa.

“Kamanjar ƙaniyarka! Goge ne! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wurin 'yan goge ka kawo ni da furfurata? Kakarka ko layin da ake goge ba ta bi!”

Wanda bai sani ba, a wurin iyayenmu goge kiɗan bori ne, ba abin da matar kirki za ta zauna ta saurara ba. Ga shi kuma ba ɗaya ba, ba biyu ba, jeri guda, har da wasu manya da sai an jingina su a ƙasa. Na rantse mata cewa waɗannan ba ruwansu da iskoki, makaranta suka yi. Ta ce, “Ka tabbata babu wanda zai faɗi?” Na ce na tabbata. Sai ga wani tsoho mai farin gashi ya fito da 'yar siririyar sanda, aka yi ta tafi. Ta matso kunnena ta ce, “Wannan kuma shi ne sarkin nasu ko?” Dariya ta so ƙwace mini, na danne ta da tari.

Tsohon ya ɗaga sanda. Zaure ya yi tsit. Ya sauke.

Wayyo Allah! Ashe duk abin da nake ji a waya inuwa ce. Ƙarar ta shigo mini ta ƙirji, ta ƙafa, ta bayan wuya. Gogunan nan suka tafi tare kamar hannu ɗaya ke jan su. Na manta ofis, na manta shago, na kusa manta wadda na zo da ita. Kuma yau babu matar da za ta ɗaga waya ta katse mini. Bakina a buɗe, na san da an ɗauki hotona a lokacin da yanzu ban isa in yi wa kowa faɗa ba.

Da aka zo wurin 'yar sarewar nan mai kukan maraici, sai na ji hannun da ke riƙe da ni ya yi laushi. Na saci kallonta. Hawaye ke bin fuskarta, ba ta ko sharewa. Tun rasuwar ban taɓa ganin ta yi kuka a gabanmu ba. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan, na fama mata ciwo, gara mu fita. Kafin in motsa aka juye zuwa kiɗan rawar. Ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku. Sai na ji wani abu a bayan hannuna: yatsarta ce ke bin kiɗan, hawayen kuma ba su bushe ba.

Daga nan aka shiga gudu. Kiɗa ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, goguna na tsere da ƙahonni, ganga na binsu a baya, tsohon nan gashinsa na tashi, har aka kai wani wuri da kowa ya tsaya cak. Ɗan shiru ne na ƙiftawar ido kafin bugun ƙarshe. Duk wanda ya san kiɗan ya san ba a gama ba. Mahaifiyata ba ta sani ba.

Ta kama hancinta ta rangaɗa guɗa.

“Ayyururuiii!”

Irin tamu ta Hausa, mai kaifi, wadda ake ji daga farkon layi zuwa ƙarshensa. A cikin zauren da ko tari mutum ya yi sai an juyo an harare shi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Tsohon hannunsa na sama ya ƙame, ya ɗan waigo, ya jira guɗar ta kai ƙarshenta, sannan ya sauke sandar, aka yi bugun ƙarshe. Zaure ya ɓarke da tafi da dariya. Wasu dattijai mata 'yan Jidda da ke bayanmu suka ce ai ba za a bar su a baya ba, suka amsa da tasu guɗar ta harshe. Tsohon ya juyo, ya ɗora hannu a ƙirji, ya rusuna yana fuskantar ɓangarenmu.

Mahaifiyata ta rufe baki da gefen mayafi, ido waje. Ta ce, “Ni na yi?”

Na ce, “Ke kika yi, Umma.” Sai a lokacin na tuna rabona da jin muryarta ta tashi haka tun wani bikin dangi, mahaifina na zaune a waje da abokansa yana cewa su toshe kunne, guɗar matarsa ce.

Aka ɗaga labule aka shiga wasan. Ana rubuta fassara da Larabci a sama, amma ba ta ko kalla ba, ba ta buƙata. Labarin ruɗani ne, wannan ya yi shigar wancan, wancan ya yi ƙaryar shi wani ne, kowa na ɓoye wa kowa. Tana ta yi mini sharhi a kunne. “Ka ga mai gashin bakin nan? Maƙaryaci ne, dubi idonsa.” “Ita kuma wannan ta gane shi sarai, ƙyale shi kawai take yi.” Da asiri ya tonu a ƙarshe, aka yafe wa juna aka kama rawa, dariya take har da riƙe ciki.

Mun yi magariba a gidan man da muka tsaya da rana, muka buɗe kula, ma'aikatan wurin suka sha mamakin waina. Da muka koma mota na ce, “Umma, yaya kika ji?” Ta ɗan yi tunani ta ce, “Kiɗan nan ba shi da ta ido. Ya sa ka kuka, kuma ba zai bari ka gama kukanka ba sai ya ja ka rawa.” Ta ƙara da cewa shagon ma in da rabo zai zo, kada in sa wa raina damuwa.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Fita ɗaya ba fita ba ce, kuma bisa kuskure aka yi ta. Ina tsoron mu isa gida ta ninke abayar nan ta mayar inda ta ɗauko. Da muka shigo gari na sa sigina zan karya ta hanyar Ka'akiyya, sai ta ce, “Ina za ka?”

Na ce, “Gida.”

“Da wannan kunnen zan shiga gida? Ka sa na saurari goge, ban tsaya nan ba har na yi musu guɗa. Wuce da ni Harami in roƙi gafara.”

Saura kaɗan in hau kan dakalin titi. Na kashe siginar da sauri na miƙe hanyar Harami. Muka ajiye mota a Kudai muka hau bas tare da masu zuwa isha'i. A ƙofar da suka saba shiga ita da mahaifina ta tsaya, ta daɗe a tsaye, mutane na ratsa mu ta dama da hagu. Sai ta cire takalmanta ta miƙo mini ta shiga. Na ce in samo mata keken da ake tura tsofaffi, ta ce da ƙafarta ta yi laifin, da ƙafarta za ta yi ɗawafin. Na bi ta a baya rungume da takalmanta ina kuka wiwi, wani Ba'indiye har yana dafa mini kafaɗa yana cewa Allah Ya karɓa.

Ban kawo labarin nan don in yi wa kowa fatawa a kan kiɗa ba, wannan na malamai ne, ni odar birki na iya. Abin da na sani shi ne mun shekara muna tsara mata magana, muna zaɓen kalmomi, muna aiko mata da masu hikima, ba ta motsa ba. Ranar da Allah Ya tashi fito da ita, da shirmena da kalmar da ba ta fahimta ba Ya fito da ita. Tun daga nan na rage yarda da wayona, kuma na daina raina abin da ke sa mutum farin ciki ko da a idon wasu wauta ce.

Yanzu sai mun kira waya muke sanin inda take: yau suna a Aziziyya, gobe dubiya, jibi ta'aziyya. Ba ta sake sauraron kiɗan ba, in na kunna a mota ma cewa take in kashe mata wannan fitina. Amma duk ranar da na tsokane ta na ce, “Umma, har yanzu ba a yafe miki gogen nan ba?” sai ta harare ni ta ce ita ba ta da tabbas, gara in zo da wuri Juma'a mai zuwa in sake kai ta.